Zuciyar da Ke Cikin Ƙirji Ma Amana Ce

A wa'azi mun saba da maganar zuciya mai tuba da zuciya mai tauri. Yau zancena a kan tsokar nan ne da ke cikin ƙirji. Girmanta bai wuce dunƙulen hannunka ba, amma tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, tana tura jini wajen lita 5 kowane minti ko da kana zaune.

Ita ma tana bukatar jini. Manyan jijiyoyi biyu ne ke shayar da ita, ta dama da ta hagu. Sannu a hankali kitse yakan taru a bangonsu, hanya ta ƙuntata. Hawan jini, ciwon suga, taba da shisha, ƙiba da rashin motsa jiki duk suna hanzarta abin, kuma tun ana matashi yake somawa. Ranar da tarin kitsen ya fashe, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe, sai wani sashe na zuciyar ya fara mutuwa.

Aikin fasto ya sha zaunar da ni a gidan makoki a nan Kawo, inda ake cewa, "Jiya fa lafiyarsa ƙalau." Sai hira ta yi nisa ka ji ashe ya kwana biyu yana kukan nauyin ƙirji, ana ba shi maganin olsa, wasu kuma na raɗa cewa jifa ne. Wannan yana ci mini rai, domin jiki yakan yi gargaɗi: ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, ciwon ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi, ga zufa, ga sarƙewar numfashi. Ga mata da masu ciwon suga, wani lokaci kasala ce kawai da tashin zuciya.

In ka ga haka a jikin Baba ko Mama, kada ka jira gari ya waye, kada ka jira fasto ya iso. Ku kama hanyar Babban Asibitin Kawo ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ku yi addu'ar a cikin mota. Zuwa asibiti ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne.

Ga aikin da na ba ku a wannan mako. Ku kai iyayenku a auna musu jini, ku ma a auna naku. In ya tsaya a 140/90 ko sama, a ga likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin dunƙulen magi. Motsa jiki kuwa aƙalla minti 150 a mako.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji, ya tsare gidajenmu. Amin.