Daga Dutsen Habude zuwa ƙwaryar nono

Uwargida, in hanya ta kai ki Birnin Kudu, ki leƙa Dutsen Habude. Mutanen da sun zana shanu a jikinsa, marasa tozo, ba irin bunajin da za ki gani a hanyar Gwaram ba.

A rugage irin na hanyar nan malamin jami'a mai binciken lafiyar dabbobi ke cinye shekarunsa. Ya ɗebi jini, ya ɗebi madara, bayan ya lallashi makiyayi ya bari a taɓa masa saniya, wanda shi ne jan aikin. Bakkale yake nema, cutar da ke sa saniya ɓari, ta kama yaro ta ɗanyar madara, a yi ta ba shi maganin maleriya zazzaɓi ya ƙi sauka.

Kafin ki dama fura, tambayi mai nono ko an tafasa.