Yini guda a Sayi, garin malamai

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ga labarin garin Sayi. Ran juma'a da marece na sauka Yamai wurin abokaina. Ran asabar da sassahe muka shiga mota, muka ƙetare gadar Kenedi, muka miƙe kudu. Tahiyar ba ta kai kilomita 60 ba.

Sayi tana bakin kogin Isa. Zabarmanci da Hillanci aka hi ji, amma Bahaushe ba ya rasa abokin magana. Kihi kam mun ci har mun ƙoshi.

Garin malamai ne tun da daɗewa. Alfa Mahaman Jobbo ya zauna nan wajen shekara 200 da suka wuce, almajirai na zuwa wurinsa daga nesa. A 1957, nan gwamnati ta buɗe madarsa ta farko, inda ake haɗa Larabci da Faransanci. A 1986 kuma aka buɗe Jami'ar Musulunci, wadda ƙasashen Musulmi suka yanke shawarar ginawa tun 1974. Mun iske samari daga ƙasashe dabam-dabam, cikinsu har da ɗiyan manoma irinmu.

Amma ku ji da kyau: allo kaɗai ba ya kai yaro jami'ar nan. Sai ya bi aji-aji har ya samu takardar bak. Wanda ake hiddawa daga aji duk lokacin shuka ko kiwo, da wuya ya kai can. Ɗiya mata ma suna da nasu sashe, amma a Yamai yake.