Hoton da ke Bangon Shagon Kawu

A Tudun Wadan Zariya kawuna yake da shagon ɗaukar hoto, ɗan ɗaki mai labule shuɗi da kujerar katako ɗaya da tukunyar furen roba. Ina aji huɗu na firamare aka fara tura ni can bayan an tashi makarantar allo, in share masa, in shanya hotunan da ya wanke a kan igiya. Bangon shagon cike yake da amare da ƙawayensu, da samari cikin kayan Sallah, da sojoji riƙe da hula. Sama da su duka akwai hoton wata Baturiya baƙi da fari, wanda ya yanko daga tsohuwar mujalla ya sa a firam. Ta ɗan karkatar da kai, idanunta na ƙyalli kamar wadda ta gama kuka yanzu.

"Kawu, wace ce wannan?"

"Malamata ce, yaro," in ji shi. "A fuskarta na koyi inda ake ajiye fitila."

Sunanta Ingrid Bergman, ’yar fim ce. Idan amarya ta zauna tana sunkuyar da kai don kunya, sai Kawu ya nuna mata hoton ya ce ta ɗaga haɓa kaɗan, ta juyo da kuncin hagu, ta kalli ƙusar da ke jikin ƙofa. Daga baya na gane ba a banza ya zaɓi hagun ba: a fim ɗin Casablanca na 1942, mai kyamara Arthur Edeson ta ɓangaren hagu ya fi ɗaukarta, ya tausasa hoton, ya sa ƙananan fitilu don idanun su yi ƙyalli. Kawu bai karanta wannan a ko'ina ba. Da idonsa ya gano.

Mu ’yan fim ɗin Indiya ne a lokacin, da na Sin masu faɗa. Amma wani dare talabijin ta sako Casablanca, Kawu ya aiko a kira ni. Muka zauna a tabarma gaban akwatinsa baƙi da fari, ban jin Turancin sosai, shi ma haka. Duk da haka, da Ingrid, a matsayin Ilsa, ta tsaya a filin jirgi cikin hazo tana duban Humphrey Bogart, na fahimci ana rabuwa ne rabuwar da ba a so. Fuskar ta faɗi abin da kunnena ya kasa kamawa.

Da na girma na bi labarinta, sai na ga dalilin da ya sa jinin mai hoto ya haɗu da nata. An haife ta a Sitokholm, babban birnin Suwidin, ranar 29 ga Agusta 1915, kuma mahaifinta Justus shagon hoto gare shi. Mahaifiyarta, Bajamushiya, ta rasu tana ’yar shekara biyu. Uban ya riƙa yi mata ado yana tsayar da ita gaban kyamara, har shi ma ya cika tana da shekara 13. Goggon da ta ɗauke ta ba ta yi wata bakwai ba ta bi shi. Marainiya ce gaba da baya, kuma abin da ya rage mata na iyayenta hotuna ne. Ina jin shi ya sa ba ta taɓa tsoron kyamara ba. A wurinta idon uba ce.

A 1933 ta sami shiga makarantar babban gidan wasan kwaikwayo na masarautar Suwidin, inda Greta Garbo ta yi karatu kafin ita. Fim ɗin Intermezzo na 1936 ne ya sa David Selznick ya gayyace ta Holiwud a 1939. Can aka so a sauya mata suna, a tsige mata gira, a gyara mata haƙora. Ta ƙi. Ta tsaya a yadda Allah ya yi ta, doguwa, fuska ba kwalliya sosai, kuma haka duniya ta so ta. Ta ci kyautar Oscar ta farko da Gaslight na 1944, ta yi fim uku da Alfred Hitchcock, ta hau dandamali a New York a 1946 tana kwaikwayon Joan ta Faransa, ta ci kyautar Tony. Da aka kai wasan Washington ta ji ba a barin baƙar fata shiga zauren, ta fito gaban ’yan jarida ta nuna ɓacin ranta. Ranar da na karanta wannan, na so a ce Kawu yana raye in gaya masa.

Sai kuma tuntuɓe. A 1949 ta tafi Italiya yin Stromboli da darakta Roberto Rossellini, ta bar mijinta Petter Lindström da ’yarta Pia mai shekara 10. A Fabrairun 1950 ta haifa wa Rossellini ɗa, alhali auren farko bai mutu ba. Ba zan wanke ta ba, domin abin da ta yi ba daidai ba ne, kuma yarinyar da aka bari ita ta fi kowa shan wahala. Amma Amurkar da ta ɗora ta a ka jiya ita ta yi mata atule, har Sanata Edwin Johnson ya tashi a majalisar dattawa yana la'antarta da suna. Shekara bakwai ba ta sake yin fim ɗin Holiwud ba.

Ba ta zauna kuka ba. Ta yi aiki da Italiyanci da Faransanci, ta haifi tagwaye a 1952, ɗayarsu ita ce Isabella Rossellini. Anastasia na 1956 ya kawo mata Oscar ta biyu, Cary Grant ya karɓa a madadinta. A 1972 Sanata Charles Percy ya nemi gafararta a majalisar da aka zage ta. Oscar ta uku ta zo da Murder on the Orient Express na 1974.

Fim ɗinta da ya fi zama mini a rai shi ne Autumn Sonata na 1978, wanda Ingmar Bergman ya shirya; suna ne kawai ya haɗa su, ba dangi ba ne. Da harshen mahaifinta ta yi shi, ciwon daji na cin ta. Ta fito a matsayin uwa mai kaɗa fiyano wadda ta fifita sana'a a kan ’ya’yanta, Liv Ullmann kuma ’yar da ta tsare ta cikin dare tana zayyano mata laifinta ɗaya bayan ɗaya. Ingrid ta san sarai labarin wa ake taɓawa, ta kuma yarda ta zauna a wannan kujera, ba hazo, ba fitilar da za ta ɓoye tamoji. Mutum ya tsaya a kalli aibinsa haka, ba ƙaramar jarunta ba ce.

Ta rasu a Landan ranar 29 ga Agusta 1982, ranar da ta cika shekara 67 cif. Aka watsa tokarta a teku kusa da tsibirin Dannholmen, inda take zuwa hutun bazara, aka kai saura kusa da iyayenta. A rediyo Kawu ya ji. Da na zo shara washegari na tarar ya sauke firam ɗin yana goge gilashin da gefen rigarsa.

"Malamar ta tafi, yaro," ya ce, ya miƙo mini in riƙe masa kujera ya mayar.

Yau shagon ya zama wurin cajin waya, Kawu ma ya daɗe da riga mu gidan gaskiya. Firam ɗin yana ɗakina, takardar ta yi ja. Ranar Sallar da ta wuce jikata ta tsaya in ɗauke ta da waya, sai na ji bakina yana cewa ta ɗaga haɓa kaɗan, ta juyo da kuncin hagu.