Baƙunta a Jushi

'Yar'uwa, idan karatu ya ɗauko maigida daga Maraɗi zuwa Jami'ar Ahmadu Bello, kamar yadda ya ɗauko nawa, kada ki yarda a biya kuɗin haya ba ki tambayi halin rijiyar gidan ba. Da damina muka kama ɗaki biyu a Jushi, rijiya cike. Bazara na shigowa ta ƙafe, muka koma hannun 'yan garuwa, kuɗin cefane ya riƙa tafiya a jarka.

Sati uku ban leƙa waje ba, sai kukan kewar gida. Wata dattijuwar maƙwabciya ce ta roƙar mini izini, ta ja ni kasuwar Sabon Gari, inda Ibo da Yarbawa ke ciniki da Hausa tsaf. Ki manta da lissafin dala, naira ake ƙirgawa. In yaro ba lafiya kuma, asibiti za ki ce. Ranar da na ce likita za ni, tambayata aka yi, wane likitan?

Samaru da ɗan nisa, sai bas ta wuce Kwangila da Palladan, shi ya sa maigida in ya fita sai magariba. Ranar tarewa ki aika wa maƙwabta abin da kika dafa, ko da kwaɗon zogale ne.