Wurin Kwana da Fagen Bincike: Tsokacin Ɗalibi Daga Kudancin Katsina

Ga galibin ɗaliban jami'a, ranar da aka sanar da ƙarshen zangon karatu rana ce ta murna. Ga mu da muka fito daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a shekarun da na yi digirina na farko a sashen Hausa, ranar lissafi ce: wace hanya ce ke biyuwa a makon nan, ƙarfe nawa za a baro Funtuwa don kada la'asar ta riski mutum a daji, kuma shin gidan da za a koma yana nan inda aka bar shi, ko mutanensa sun yi ƙaura zuwa cikin gari. Ɗakin kwanan ɗalibai, wanda sauran abokanmu ke ƙorafi a kan cunkosonsa da kuɗin cizonsa da layin ɗiban ruwa, shi ne wurin da muka fi samun barci.

Tun daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe yara fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, kalmar "makarantar kwana" ta sauya nauyi a kunnen iyayenmu. An sako yaran bayan kwana shida, amma tambayar da uwa ke yi wa ɗanta mai tafiya jami'a ta riga ta canja. Da, abinci take tambaya. Yanzu sai ta ce, "Ɗakin naku a cikin makaranta yake ko a waje? Akwai katanga?" Tambayar tana da tushe, domin a Oktoban 2023 daga gidan haya na wajen makaranta aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Gado a cikin makaranta kuwa ba ya isar kowa. Wanda ya samu yakan raɓa ɗan garinsu, wanda aka raɓa shi ma ya jawo wani, har ɗakin mutum huɗu ya koma na takwas. A ɗakinmu risho ɗaya ne, tukunya biyu, kuma duk wanda aka aiko wa garin kwaki ko wake daga gida ya san ba nasa ba ne shi kaɗai.

Aikowar ma sai da ta yi wuya. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu ukun. Watanni muka yi ba mu jin muryar gida sai ta bakin direba. Kuɗin rajista da na haya, waɗanda asalinsu buhun masara ne ko auduga, suka riƙa zuwa a ƙulle cikin leda, in sun zo. Da ƙungiyar ASUU ta shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, 2022, aka rufe ɗakunan kwana, wasunmu suka yi wata takwas a gidajen 'yan uwa a Funtuwa da Zariya da Katsina, suna dako a kasuwa ko jiran shago.

Abin da ya fi shafar masu karanta wannan mujalla shi ne abin da duk wannan ya yi wa kundin kammala digiri. Malamanmu sun koya mana cewa arzikin nazarin Hausa yana bakin mutane, kuma ɗalibi ya fi kowa dacewa ya tattaro na garinsu, tunda ya san wa zai gaisar kafin ya yi tambaya. Da wannan niyya muka shiga aji huɗu. Wani abokina ɗan Sabuwa ya so ya rubuta kan waƙoƙin gayya da kirarin manoma. Wata 'yar Ƙanƙara ta zaɓi al'adun aure na Maguzawan yankinsu. Ni kuma na ɗauki sunayen ƙauyuka da unguwanni na ƙasar Faskari da labaran kafuwarsu. A cikinmu ukun, ni kaɗai na ƙarasa da batun da na fara, shi ma don dattawan da nake nema sun riga sun baro ƙauyukansu, na same su zaune a zaurukan aro a cikin gari. Abokina ya koma nazarin jigo a wani littafin ƙagaggen labari, ita kuma ta nazarci fim. Ayyukansu sun yi kyau, sun kuma ci maki. Sai dai littafin da fim ɗin suna nan ko bayan shekara hamsin, tsohon da ya san waƙar gayyar kuwa ya kai tamanin, gonar da ake yin gayyar ma ta zama saura.

Hira da wanda ya baro garinsu wani irin aiki ne da ba a tanade shi a darasin dabarun bincike ba. Ka tambayi dattijo asalin sunan ƙauyensu, sai ya fara da wanda ya sari dajin, ya gangaro kan rijiyar farko da tsamiyar da ake zaman fada a gindinta, sannan ba tare da ya sauya murya ba ya shiga lissafa waɗanda aka kashe da ranar da aka ƙone rumbuna. Ɗalibi ba ya iya kashe rikoda a wannan gaɓar, kuma bai san babin da zai sa abin da ya ji ba. Ni na ajiye nawa a rataye, shafi goma sha ɗaya, mai duba aikina ya amince da su bayan ya karanta ya yi shiru na ɗan lokaci.

A ganina sassan Hausa na da abin da za su iya yi ba tare da jiran kowa ba. A karɓi sansani da gidan aro a matsayin fagen bincike na halak, a bar ɗalibi ya rubuta cewa a Funtuwa ya yi hira da mutumin da asalinsa ƙauyen Sabuwa ne. A karɓi muryoyin da aka ɗauka a waya a adana su a sashe, kada su tafi da wayar in ta lalace. Ɗaliban da ke aji huɗu daga waɗannan yankuna kuma a nema musu izinin zama a ɗakunansu lokacin hutu, domin a makonnin nan ne ake juyar da hira zuwa rubutu, aikin da ke son fitila da tebur da dare mai natsuwa.