Agogon Hannu: Abin da Na Duba Kafin In Saya wa Kaina

 A wannan wata ina so mu tattauna a kan wani ƙaramin abu da yawancinmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wato agogon hannu. Idan kika lura, da yawa daga cikinmu ba mu taɓa sayen agogo da kanmu ba. Ko dai ya zo a cikin kayan lefe tare da sarƙa da 'yan kunne, ko tsarabar Makka ce daga wata hajiya, ko kuwa maigida ya gani a kasuwa ya yi sha'awa ya sayo. Saboda haka sai muka saba kallonsa a matsayin kayan kwalliya, a ɗaura ranar biki ko suna, a dawo a jefa shi cikin durowa har batirinsa ya mutu ba a sani ba. Ni kuwa aikin koyarwa ya nuna mini cewa agogo kayan aiki ne kamar allo da alli, kuma duk wadda za ta fitar da guminta ta saya, ya kamata ta san abin da take nema.

Makarantar Islamiyyar da nake koyarwa ana shiga ne bayan sallar la'asar, a tashi kafin magariba. Wannan ɗan lokaci bai cika awa biyu ba, kuma a cikinsa za a karɓi hadda, a yi ƙarin karatu, a taɓa Fiƙihu ko Hadisi. Idan na ƙara minti goma a kan hadda, to, daga Fiƙihu na ɗebe su. Idan kuwa na riƙe yara fiye da ƙa'ida, akwai 'yan matan da gidajensu ke da nisa, duhu zai same su a hanya, alhali iyayensu amana suka ba mu. Ajinmu ba shi da agogon bango, don haka lissafin duk yana wuyan malama.

Na san wata za ta ce, to malama, wayar hannu fa? Gaskiya ne waya tana nuna lokaci, amma ba lokaci kaɗai take nunawa ba. Da zarar kin ɗaga ta, ga saƙon WhatsApp na zauren dangi, ga kiran da ba ki ɗauka ba, kafin ki ajiye ta hankalinki ya rabu biyu. Bugu da ƙari, ba zai yi kyau ba malamar da ke hana ɗalibai shigowa da waya a riƙa ganinta tana latsa tata a gabansu, domin yaro da ido yake koyo kafin kunne. Ga kuma matsalar wutar lantarki, ranar da babu caji babu lokaci ke nan. Wannan ne ya sa da na ɗauki adashina na yanke shawarar saya wa kaina agogo, na kuma shaida wa maigida, ya ce Allah Ya sa alheri.

Mu Musulmi ai mu ne ya fi kamata mu kula da lokaci. Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi rantsuwa da zamani a Suratul Asri, kuma a Suratun Nisa'i, aya ta 103, Ya bayyana cewa salla farilla ce mai ƙayyadaddun lokuta. Matar da ke cikin gida tana fama da girki da yara, idan aka ɗauke wuta lasifikar masallaci ta yi shiru, ko ƙarar injin niƙa ta rufe muryar ladan, da me za ta gane azahar ta yi nisa? Haka ma wajen ba yaro maganin da likita ya ce a sha duk bayan awa takwas.

Wani abin sha'awa shi ne, asalin agogon hannu na mata ne. A ƙasashen Turai, a ƙarni na 19, matan sarakuna da na attajirai ne ke ɗaura shi kamar awarwaro, maza kuwa na aljihu suke riƙewa. Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, sojoji suka ga wahalar laluben aljihu a fagen fama, suka koma ɗaurawa a hannu, daga nan ya bazu a tsakanin maza. Ke nan ba aron kayan maza muka yi ba.

Abu na farko da na bincika shi ne irin injin da ke ciki. Akwai agogo mai wani, wanda ake wana shi da hannu kullum, akwai kuma wanda motsin hannu ne ke wana shi, irin Seiko 5 da iyayenmu maza suka sani, wanda aka fara yi a 1963. Waɗannan ba su buƙatar batir, amma sukan yi gudu ko jinkiri na wasu daƙiƙu a kowace rana, kuma idan kika ajiye mai aiki da motsi kwana biyu ko uku ba ki ɗaura ba, sai ya tsaya. Sai kuma mai batir, wanda za ki ga an rubuta Quartz a fuskarsa. A cikinsa akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse da batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, da wannan karkarwa ce agogon ke ƙirga lokaci. Kamfanin Seiko na ƙasar Jafan ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a watan Disamba na 1969. Kuskuren irin wannan agogo yawanci bai wuce rabin minti a wata guda ba, batirinsa kuma yakan yi shekara biyu ko fiye. Ga mace mai hidima, wadda ba ta da lokacin lallashin agogo, na ga mai batir ya fi dacewa.

Na kuma duba agogon zamani da ake haɗawa da waya, mai ƙirga taku da bugun zuciya. Yana da amfaninsa, amma shi ma caji yake so, kuma saƙonnin da nake gudu su ne zai kawo mini har wuyan hannu. Akwai kuma masu nuna lokutan salla da alƙibla, irin na Alfajr da alhazai ke zuwa da su. Suna da kyau matuƙa, sai dai wajibi ne a saita su a kan garin da kike, domin Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma faɗuwar rana a Maiduguri tana riga ta Sakkwato. Ko an saita, ki riƙa gwada shi da kiran sallar masallacin unguwarku, musamman a watan azumi.

Abu na biyu shi ne ruwa, kuma a nan ne mu mata muka fi shan wahala. Muna alwala sau da yawa a rana, ga wanke-wanke, ga wankan yara. A bayan agogo ko a fuskarsa akan rubuta 30M ko 50M ko 100M. Kada wannan lamba ta ruɗe ki, mai 30M ba ya jure komai sai fantsamar ruwa da yayyafi, mai 50M ya fi shi juriya, mai 100M ne ake iya iyo da shi. Wanda ba a rubuta masa komai ba kuwa, alwala ɗaya tana iya sa gilashinsa ya yi raɓa daga ciki. Kuma duk lokacin da mai gyaran agogo ya buɗe bayansa don canza batir, ki ce ya duba 'yar robar da ke zagaye da murfin, ita ce ke tare ruwa.

Maganar alwala ta kai ni ga abu na uku, wato maɗauri. Wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu farilla ne, kamar yadda muke karantar da yara a Ahalari, saboda haka na nemi maɗaurin da yake da ɗan sassauci, wanda zan iya motsa shi ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, hankalina ya kwanta. Na fata yana da kyau da taushi, amma ruwa da zufar bazara suna sa shi wari da tsagewa. Na roba ba ya tsoron ruwa, sai dai yana tsinkewa idan ya daɗe. Na ƙarfe kuwa, a nemi wanda aka rubuta Stainless Steel a bayansa, domin ba ya saurin tsatsa, kuma masu arha da yawa ana cakuɗa ƙarfensu da wani sinadari mai sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Na kuma guji wanda aka rubuta sunan Allah ko aya a fuskarsa, saboda abin da ke ɗaure a hannu har banɗaki ake shiga da shi.

Jarrabawar gaskiya kuwa a kasuwa take. Mai shago ya jero mini wasu masu ruwan gwal da duwatsu, an rubuta musu Rolex da Rado, farashinsu bai kai na turmin atamfa ba. Ƙawata da ta raka ni ta ce, "Malama, wallahi wannan ya dace da hannunki, wa zai gane ba na asali ba ne?" Na ce mata ai ni na sani, kuma Wanda Ya halicce ni Ya sani. Musulunci ya halatta wa mace ado da zinariya, ya haramta wa namiji, don haka mai hali idan ta sayi na gwal na gaske ba ta yi laifi ba. Amma ɗaura jabu don a ɗauka kina da abin da ba ki da shi, wannan akwai hadisin da ya yi gargaɗi a kansa. Ban da haka, ruwan gwal ɗin ba ya daɗewa yake koɗewa, sai a bar ki da kyan ɗan maciji. Sannan malamar da ke koya wa 'yan mata sirranta ado a waje, ba za ta shiga aji da abin da ke walƙiya yana jan ido ba.

A ƙarshe na zaɓi wani madaidaici mai batir, fuskarsa fara, lambobinsa baƙaƙe manya da ake gani da kallo ɗaya, maɗaurinsa na ƙarfe, an rubuta masa 50M. Na sa aka rage mini maɗaurin daidai hannuna, na karɓi rasit, na kuma tambaya ko ana samun batirinsa wajen masu gyara na bakin titi, aka ce ana samu. Ba shi ne mafi arha ba, domin araha ba ta ado, ba kuma na ci bashi a kansa ba.

Ya ke 'yar'uwa, kafin ki taya agogo, ki tambayi kanki aikin da zai yi miki. Mai aikin asibiti tana buƙatar mai hannun daƙiƙa don ƙirga bugun jini, ɗaliba tana buƙatar mai ƙararrawa da zai tashe ta da asuba, dattijuwar da ganinta ya ragu tana buƙatar manyan lambobi. Daidai ruwa, daidai tsaki. Sannan mu sani, agogo nuni kawai yake yi, ba ya ɗaga mutum daga kan tabarmar hira. Idan an ce walima ƙarfe huɗu, mu je ƙarfe huɗu, idan lokacin salla ya shiga, mu ajiye ludayi mu tashi, domin rayuwarmu tana cikin abubuwan da za a tambaye mu yadda muka ƙarar da su ranar gobe ƙiyama.

Allah Ya sa wa lokacinmu albarka, Ya shirya mana zuriyarmu, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Mai duka Ya kai mu. Wassalamu alaikum.