Cigiyar Romon Biyetnam a Garin Suleja

Akwai wani abinci na mutanen ƙasar Biyetnam da suke rubuta sunansa phở. Duk wanda ya ga kalmar a rubuce zai ɗauka "fo" ake cewa, alhali kuwa a bakin masu harshen ta fi kusa da "fa", da wani karin sauti mai sauka sannan ya ɗago. Harshensu, kamar namu, mai karin sauti ne, sai dai mu uku gare mu, wato karin sama da na ƙasa da faɗau, su kuwa mutanen Hanoi har shida suke da su. To, ɗan'uwa ɗalibin harshe, ka ƙaddara ka tsaya a gaban mai abinci a Suleja ka ce mata, "Hajiya, kuna da fa?" Ba abin da za ta mayar maka sai, "Me fa?" Wannan ita ce wahala ta farko da na sha wajen cigiyar abincin nan, kuma ita ce mafi sauƙi.

Shi dai wannan abinci romon ƙashin sa ne da ake kwarara shi da zafinsa a kan taliyar garin shinkafa, mai faɗi da laushi, a ɗora yankan nama siriri da ganyayyaki a sama. Romon shi ne uwa uba. Ana dafa ƙashi awanni masu yawa a kan wuta kaɗan, ana kwashe kumfa, har ruwan ya fito garai-garai kana hango gindin kwano. Ana gasa albasa da citta a wuta kafin a jefa su, a sa kirfa da kanumfari da wani ɗan itace mai siffar tauraro, sannan a ɗaure ɗanɗanon da ruwan kifin da aka tsima da gishiri. A farkon ƙarni na 20 ya bayyana a arewacin ƙasar, wajejen Hanoi da Nam Dinh, zamanin mulkin Faransa, lokacin da yankan shanu ya yawaita saboda Turawa. Da aka raba ƙasar biyu a 1954, mutanen arewa da dama suka yi ƙaura zuwa kudu da tukwanensu, mutanen Saigon suka ƙara masa ganye da zaƙi. Bayan yaƙi ya ƙare a 1975, 'yan gudun hijira suka kai shi Amurka da Faransa da Ostireliya, daga nan ya bazu a duniya.

Ni ban taɓa taka ƙasar ba. Yayana ne ya yi karatu a Malesiya, kuma a Kwala Lamfur ya saba da shi a wani shago na halal da ke kusa da masaukinsu. Da damina ya kwanta zazzaɓin taifot na kusan mako uku, ya tashi duk ya lalace, wuyansa kamar mariƙin lema. Magani ya yi aikinsa, amma baki ya ƙi abinci. Umma ta dama kunun gyaɗa ya kau da kai, ta yi faten tsaki ya yi cokali biyu ya ture. Likita kuwa ya ja mana kunne cewa in bai ci ba, ciwon zai iya dawowa ya same shi ba ƙarfi. Ran nan da daddare sai ya ce da ni, cikin wasa-wasa, da zai sami romon nan na Biyetnam da ya shanye kwano guda. Umma ta dube ni. Wanda duk ya tashi a gidan Bahaushe ya san ma'anar irin wannan kallo.

Na fara da inda kowane ɗan Suleja zai fara in an ambaci taliya da ruwa, wato teburin mai shayi. Na yi wa Malam bayani tiryan-tiryan, yana saurare yana fasa ƙwai. Da na gama sai ya ce, "Ai Indomie ce mai ruwa-ruwa kake nufi, zauna." Ba laifinsa ba ne. Tun da aka fara shigo da Indomie ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980, aka kuma kafa mata masana'anta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, sunanta ya cinye duk wata taliya mai lanƙwasa, kamar yadda Omo ya cinye sunan garin sabulu. Asalinta daga Indunusiya ne, dabarar kuwa ta wani mutumin Japan ce, Momofuku Ando, wanda ya fito da ita a 1958 don mai yunwa ya ci cikin 'yan mintuna. Abin da nake nema kishiyar wannan ne, domin shi lokaci yake ci kafin a ci shi.

Daga nan na bi gidajen abinci, tun daga kewayen Kasuwar IBB har titin Maroko, na gangara Kwamba, na leƙa Madalla a gindin Dutsen Zuma. Suleja gari ne da ba a raina shi wajen abinci. Tun da aka ɗauki sunansa na asali, Abuja, aka ba sabon babban birnin tarayya bayan dokar 1976, shi kuma aka raɗa masa Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau, garin ya zama makwancin ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu. Kowa ya zo da tukunyarsa. Za ka sami amala da miyar ewedu, da sakwara da agushi, da tuwon shinkafa da miyar taushe, da masa, da doyar Gwari soyayya, duk a layi ɗaya. Amma a ko'ina na yi bayanina, sai a kawo mini rabin abin. Wata 'yar ƙabilar Ibo ta zubo mini farfesun akuya mai yajin da ya sa ni hawaye, ta ce in na ga dama ta dafa mini taliyar leda daban. A wani sabon gidan abinci mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, an rubuta miyar taliya irin ta Sin a jerin abincinsu, da aka kawo sai ga ruwan ɗunƙulen magi da karas da taliya ta dahu ta yi lugub. Na biya na fito, ban ce komai ba.

Aka ce in shiga Abuja, can Wuse ko Maitama, inda gidajen abincin mutanen Asiya suke. Na shiga sau ɗaya. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai ya isa cefanen yini a gidanmu, ga kuɗin kwano guda da ya kusa kuɗin littattafan zango. Bugu da ƙari, da na tambayi mai kawo abinci ƙashin wace dabba aka dafa, sai ya shiga ciki ya daɗe, ya dawo da amsar da ba ta kwantar mini da hankali ba. Ko da ma ta kwantar, romon da ya bi hanyar Zuba cikin cunkoson yamma, taliya na jiƙe a ciki, ba zai iso gida da mutuncinsa ba.

A motar dawowa ne na riƙa juya maganar a raina, irin yadda aka koya mana juya jimla a aji. Me ya sa kowa ke kawo mini rabi? Sai na lura cewa harshenmu da kansa ya raba abin gida biyu. Bahaushe cin taliya yake yi, romo kuwa shan sa yake yi. Ana cin tuwo da miya, ana shan farfesu, ana shan kunu da fura, har rake da mangwaro sha ake yi saboda ruwansu. Taliya a wurinmu abar tacewa ce, a zubar da ruwanta, a sa mata mai da yaji ko miyar dage-dage. Miya kuma abokiyar tuwo ce, dole ta yi kauri ta kama loma, shi ya sa in an ce miya ta yi tsararo ba yabo ba ne. Saboda haka abincin da rabinsa ci ne rabinsa sha bai da gurbi a tsarinmu, kuma mai abincin da ta ji bayanina sai ta zaɓi fi'ili ɗaya ta bi shi. Su mutanen Biyetnam "ci" suke cewa, sun huta. Ko kalmar "miya" da na riƙa amfani da ita ɓatar da mutane take yi. Romo ya kamata a ce tun farko, kuma romo yana da masu shi a garin nan.

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu da ta shekara fiye da ashirin tana sayar da farfesun kan sa da ƙafa da safe. Na same ta bayan la'asar tana wanke tukwane, na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata halin da Yaya ke ciki. Ban ambaci Biyetnam ba sai daga baya. Ce mata na yi, "Baba, romo nake so wanda ba manja, ba tumatir, ba attaruhu, wanda za a iya ganin gindin kwano." Ta ce, "Ɗana, ai wannan romon masu jego ne da marasa lafiya, kafin a sa masa yaji. Me ya kai ka Abuja?" Da na zo kan gasa albasa da citta sai ta tsaya, ta sa na maimaita. Wannan kam ba ta taɓa yi ba, amma ta ce ta gane hikimar, wuta na kashe gafin albasa ta fito da zaƙinta.

Washegari da sassafe na tafi mahauta. Baba ta riga ta gargaɗe ni kada in yarda a ba ni ƙashin haƙarƙari zalla, in nemi ƙashin ƙafa mai ɓargo da wutsiyar sa, mahauci ya sassara su. Citta ɗanya ba ta wahala a nan, tunda daga kudancin Kaduna, wajejen Kaciya da Kwoi, ake sauke ta buhu-buhu. Kirfa da kanumfari na samu wurin masu kayan ƙamshi. Ɗan itacen nan mai siffar tauraro ne ya gagara, sai muka bar shi. A madadin ruwan kifi ta jefa ɗan guntun daddawa da kan busasshen kifi, ta ɗaure su a ƙyalle don kada su gurɓata ruwan. A ganina nan ne ta fi nuna gwaninta, domin ruwan kifin nasu da daddawarmu aiki ɗaya suke yi, dukansu abu ne da aka bari ya ruɓa da gangan don ya ba miya gindi.

Ta fara tafasa ƙashin ta zubar da ruwan farko, ta wanke shi, ta mayar a tukunya da sabon ruwa a kan gawayi. Daga hantsi har bayan magariba tukunyar nan ba ta tafasa da ƙarfi ba, sai dai ɗan motsi, ita kuma tana bi da ludayi tana kwashe kumfa da maiƙo. Duk sa'ad da na kai hannu zan ƙara gawayi sai ta ce, "Bar shi, gaggawa ke sa romo ya yi duhu."

Saura taliya. Abin mamaki ne a ce a Jihar Neja, mai fadamun shinkafa har da cibiyar binciken hatsi a Badeggi, ban ga mai yin taliyar shinkafa ba, alhali muna niƙa ta mu yi masa da sinasir. Muka koma ga 'yar murji, taliyarmu ta fulawa da mata ke murzawa a inji su shanya a igiya. Maƙwabciyar Baba ta murza mana sabuwa, ta bar ta da faɗi, aka dafa ta daban aka ɗauraye. A gida Umma ta fito da wani kwanon tangaran mai zurfi da ta daɗe tana ajiya, na masana'antar tukwanen nan ta Suleja wadda Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta yi aiki. Aka shimfiɗa taliya, aka jera nama, aka kwarara romo, aka tsinka ɗoɗɗoya da ganyen albasa, aka matsa lemun tsami.

Yaya ya fara shaƙar tururin kafin ya ɗauki cokali. Ya ce ba shi ba ne, taliyar ta fi nauyi, kuma akwai wani ƙamshi da babu. Yana faɗa yana sha. Ya tashi da kwanon, ya nemi ƙari kaɗan, ya yi gumi sharkaf, ya kwanta ya yi barcin da ya kwana biyu bai yi irinsa ba. Kwana huɗu a jere muna ɗumama masa sauran romon, a rana ta biyar ya nemi tuwo da kansa.

Da na koma yi wa Baba godiya na ba ta shawarar ta riƙa sayar da shi, tunda ga ma'aikatan Abuja da suka zaga duniya suna kwana a garin. Ta yi dariya ta lissafa mini da yatsu: gawayin yini guda, ƙashin da ba za ta sayar da shi a kwano ba, tukunyar da za ta tsaya ba ta kawo ko sisi daga safe har dare. Ta ce mai saye in bai ga jan mai da tsokar nama a sama ba, cewa zai yi an sayar masa da ruwan zafi. Amma ta ce in wani ya kwanta a gidanmu, ko matar Yaya ta haihu, in kawo ƙashi da gawayi tun da asuba. Gasa albasa da citta kuwa ta riƙe shi, yanzu haka take yi wa farfesunta na kullum, kuma masu saye sun fara tambayarta abin da ta canza.